Yekuwa da 'Yardaje: Wa Ya Gina Iyakar?

Duk lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, ko dangantaka ta yi tsami tsakanin Yamai da Abuja, magana ɗaya ce ke fitowa daga bakin sarakuna da 'yan siyasa da masu sharhi a rediyo: Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, iyaka kuwa zanen Bature ce, ba ta raba komai ba. Maganar tana da daɗin ji, kuma rabinta na farko gaskiya ne, musamman a ƙasar Magarya da Dungas, inda da wuya a samu zuri'ar da ba ta da dangi a Daura, Zango, Ɓaure, Babura ko Maigatari. Rabinta na biyu ne tarihin yankin bai goyi bayansa ba. Iyakar ta raba, kuma ta raba sosai. Sai dai abin da ya yi aikin rabawar ba ƙarafan da aka kafa a daji ba ne. Haraji ne, da aikin tilas, da farashin gyaɗa, da harshen da ake karantar da yaro da shi, da irin kuɗin da ke aljihun mutum, da ko ana neman ƙuri'arsa ko ba a nema. Hukumomi biyu ne suka yi shekara ɗari da ɗoriya suna yi wa mutane iri ɗaya abubuwa iri biyu, har mutanen suka zama 'yan ƙasa biyu. Babu inda aka bi diddigin wannan lamari kamar a garuruwa biyu maƙwabta, Yekuwa ta gundumar Magarya da 'Yardaje ta ƙaramar hukumar Zango a jihar Katsina.

Kafin zuwan Turawa waɗannan garuruwa tarihinsu ɗaya ne. Wajen shekarar 1805 mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci Daura, sarkinta, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa, tsohon gidan sarauta ya shiga gudun hijira. Yekuwa da 'Yardaje duk suna cikin wuraren da gidan ya zauna kafin ya tsaya a Zango, wani reshe kuma a Ɓaure. Da Damagaram ta yi ƙarfi, musamman zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, waɗannan ƙananan sarautu na Daurawa suka shiga ƙarƙashin inuwarta, kamar yadda ƙasashen Sosebaki, wato Dungas da Waca da Mirya, suka shiga. Ke nan a ƙarshen ƙarni na goma sha tara manomin Yekuwa da na 'Yardaje da na Dungas duk Damagaram suke kallo, can gaisuwarsu ke zuwa, kuma abokin gabarsu ɗaya ne idan yaƙi ya tashi da Kano ko Daura ta Fulani. Wannan yana da muhimmanci ga duk abin da zai biyo baya, domin yana nuna cewa bambancin da aka gani daga baya tsakanin garuruwan biyu ba gadonsa aka yi daga kakanni ba.

Yadda aka ja layin kuwa sananne ne. A 1890 Ingila da Faransa suka yarda da layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi, alhali babu wanda ya taka ƙasar a cikin masu sa hannun. A 1898 aka sake zane, aka yi wa Sakkwato da'ira mai nisan mil ɗari, abin da ya tura Faransawa cikin ƙasar da ba ruwa, har ya zama ayarinsu ba ya iya zuwa Damagaram daga Kwara sai da izinin Ingilishi. A yarjejeniyar 1904 Faransa ta saki haƙƙinta na kamun kifi a gabar Newfoundland, can kusa da Kanada, aka saka mata da wasu wurare a Afirka ta Yamma, ciki har da matso da wannan iyaka kudu don ta samu hanya mai rijiyoyi. Aka ƙara gyarawa a 1906, sannan tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi 148. Mutanen yankin suka kira ƙarafan tangaraho, saboda kamarsu da turakun wayar tangaraho. Zango da Ɓaure, waɗanda jiya suke bin Damagaram, suka faɗa hannun Ingila. Yekuwa da Magarya da Dungas suka faɗa hannun Faransa. Ƙarfe ne tsaye a tsakiyar gona, gero a kudunsa gero a arewansa, kuma a ranar da aka kafa shi bai hana ko akuya wucewa ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ba ƙarfen nauyi. A kudu, Ingilishi suka ɗauko Malam Musa na gidan Zango suka maido shi gadon Daura, wanda shi ne wuri kusan ɗaya tilo da suka mayar da gidan sarautar da jihadi ya kora. Suka bar wa sarki baitulmali da kotun alƙali da 'yan doka, suka tsaya a bayansa. A arewa, Faransawa suka tuɓe Sarkin Damagaram Amadu ɗan Basa a 1906 bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kwaddibuwa, suka yayyanka ƙasarsa zuwa kantuna masu amsa wa kwamanda kai tsaye. Sai a 1923 aka maido da sarautar, bayan an cire mata haƙora, kuma shekara uku bayan haka aka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram aka kai Yamai. Sarkin kanto ya zama mai tara lanho da mutanen aikin tilas. Dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure talaka ba tare da shari'a ba, da aikin tilas ɗin kansa, ba a soke su ba sai a 1946. Ba wai mulkin Ingila aljanna ba ne. Talakan Daura ya sha haraji da jangali da zaluncin hakimai, kuma shi ma an ɗebe shi aikin dole. Amma a ma'aunin wanda ke zaune a bakin iyaka yana ganin duka biyun, ɗaya mulkin zafi ne ɗaya mulkin sauƙi, kuma mutane da yawa sun yanke hukunci da ƙafafunsu, suka kwashe iyali cikin dare suka tsallaka kudu. A nan ne talaka ya fara koyon cewa tangaraho yana da ma'ana: idan ka wuce shi, gardin kwamanda ba shi da ikon bin ka.

Darasi na biyu gyaɗa ce ta koyar da shi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma tun daga shekarun 1930 ƙasar Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan gyaɗar Nijar. Hanyarta mafi kusa zuwa teku ta Kano ce, don haka kasuwar yankin kudu take fuskanta, ko da hukumarsa yamma take kallo. Kowace ƙasa kuma ta kafa nata tsarin saye. A Najeriya hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949 ita ke yanka farashi, tana riƙe rarar. A Nijar Faransa ta daɗe tana sayen gyaɗar ƙasashenta sama da farashin duniya, sannan a 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa kamfanin SONARA da haɗakar ƙungiyoyin manoma ta UNCC. Sakamakon haka, buhu ɗaya yana da farashi biyu a tsakanin tafiyar hantsi. Masanin da ya yi nazarin wannan ciniki a Magarya, John Davison Collins, ya nuna yadda gyaɗa ke bin dare a kan jakuna da raƙuma zuwa duk ɓangaren da ya fi biya a shekarar, wani lokaci kudu, wani lokaci arewa. Masu cewa iyaka ba komai ba ce sukan kafa hujja da fasa-ƙwauri, wai ga shi mutane ba su ɗauke ta a bakin komai ba. Akasin haka ne. Ɗan fasa-ƙwauri ya fi kowa sanin inda iyaka take, domin daga bambancin da ta haifar yake ci. Da farashi ɗaya ne a Tinkim ta Nijar da Babban Mutum ta Najeriya, da ba wanda zai hana kansa barci. Lokacin da fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan noma, sana'ar ba ta mutu ba, kaya kawai ta sauya: man fetur da taki da atamfa suka yi arewa, shanu da wake da taba sigari suka yi kudu.

A daidai wannan lokaci ne wani saurayi Ba'amurke, William Miles, ya iso Magarya a 1977 a cikin shirin 'yan sa-kai na Peace Corps, ya yi shekara biyu yana koyar da Ingilishi a makarantar sakandare, ya koyi Hausa a bakin masu ita. Ya koma ya yi digirin digirgir a fannin siyasa, ya kama aiki a jami'ar Northeastern ta Boston, inda ya shafe rayuwarsa ta koyarwa. A 1983 ya dawo da tambaya mai sauƙin faɗa: idan aka ɗauki garuruwa biyu masu harshe ɗaya, addini ɗaya, asali ɗaya, ƙasar noma iri ɗaya, aka ga sun bambanta, me ya bambanta su? Ya zaɓi Yekuwa da 'Yardaje, ya zauna a cikinsu, ya sayi doki yana kai da komowa. Daga wannan zama littafi kan zaɓen Najeriya na 1983 ya fito a 1988, sannan babban aikinsa, Hausaland Divided, a 1994. Ya yi irin wannan kwatanci a Martinique da Vanuatu da Mauritius, ya tattara shi a Scars of Partition a 2014, amma bai daina dawowa garuruwan nan biyu ba. Har rigimar gado da ta taso a kan dokin da ya bari amana a Yekuwa ta zama littafi a 2008. Darajar aikinsa tana cikin wannan naci. Yawancin masu bincike kan iyakokin Afirka daga taswira da takardun ofis suke aiki. Shi kuwa ya ga yaran da ya sani sun zama masu gida, ya ga gwamnatoci sun hau sun sauka a idon mutane iri ɗaya.

Abin da ya gani a shekarun 1980 bai yi kama da Ɗanjuma da Ɗanjummai ba. Mutumin 'Yardaje ya riga ya san jam'iyyun NPC da NEPU tun shekarun 1950, ya jefa ƙuri'a a 1979 da 1983, ya saba ganin ɗan takara ya zo da mota da maroƙa yana lallashinsa, ya saba zagin gwamnati a bainar jama'a. Mutumin Yekuwa kuwa, tun da aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, bai sake ganin zaɓe mai jam'iyyu da yawa ba sai a farkon shekarun 1990. Shekara goma sha biyar ya yi ƙarƙashin jam'iyya ɗaya, sannan daga Afrilun 1974 ƙarƙashin sojan Seyni Kountché, inda aka shirya jama'a ta hanyar ƙungiyoyin Samariya, kuma jandarma abin tsoro ne. A kudu kuɗin mai sun kawo shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da hanyoyi, da albashi, da kuma almubazzaranci da rashin tsari. A arewa talauci ya fi, amma doka tana da kwarjini. Ko a cikin gida bambancin ya shiga: kulle ya fi ƙarfi a 'Yardaje, yayin da matan Yekuwa suka fi fita gona da rijiya da kasuwa. Kowane ɓangare kuma yana da hoton ɗayan a ransa, na kudu yana ganin ɗan'uwansa na Faransa a matsayin mai gaskiya amma matsatse, na arewa yana ganin na Ingila a matsayin mai arziki amma maras tsoron hukuma.

Maganar makaranta tana bukatar a dakata a kanta, domin a nan ne siyasar hukuma ta taɓa harshen da ake cewa shi ya haɗa mutanen. Ingilishi, don dalilansu na mulki, sun mai da Hausa harshen aiki: Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Kano a 1909, aka kafa hukumar fassara da talifi a Zariya, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a 1939, Yaƙi da Jahilci ya shiga ƙauyuka a shekarun 1950. Faransawa kuwa ba su yarda a koyar da komai a lakwal da wani harshe ba sai nasu. Makarantar gwaji ta farko da ta koyar da Hausa a Nijar sai a 1973 aka buɗe ta a Damagaram. Saboda haka yaron 'Yardaje da ya yi aji uku kacal yana iya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da boko, yaron Yekuwa da ya yi aji uku kuwa ya fita da 'yan kalmomin Faransanci da ba za su yi masa aiki a gida ba. Wanda ya zarce a karatu ya ƙara nisa da ɗan'uwansa: ɗaya yana mafarkin Zariya da Kaduna, ɗaya Yamai da Dakar, kuma idan suka haɗu a taron ilimi sai sun koma Hausar gida kafin su fahimci juna. Matakin da hukumomin Nijar suka ɗauka a 2025 na ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa yana iya juya wannan tarihi, amma idan ya juya shi, zai zama ƙarin shaida ne cewa hukuma ke riƙe da linzamin.

Mafi tayar da ƙura a cikin binciken shi ne abin da Miles ya buga tare da abokin aikinsa David Rochefort, masanin manufofin jin daɗin jama'a, a babbar mujallar kimiyyar siyasa ta Amurka a 1991. Sun tambayi mutanen garuruwan biyu su jera abubuwan da suke ganin su ne su: addini, ƙasa, ƙabila, gari da sauransu. Musulunci ne ya zo a gaba. Bayansa kuma, zama ɗan Nijar ko ɗan Najeriya bai faɗo ƙasa da zama Bahaushe ba, har ma mutanen suka nuna sun fi jin kusanci da ɗan ƙasarsu wanda ba Bahaushe ba a kan Bahaushen wata ƙasa. Wannan ya ci karo da abin da masana da yawa na Turai da Amurka suka ɗauka tabbas a lokacin, cewa talakan ƙauyen Afirka ƙabilarsa kawai ya sani, ƙasa kuwa rigar aro ce ta 'yan boko. Shekaru goma sha uku bayan haka Daniel Posner ya yi irin wannan kwatanci a iyakar Zambiya da Malawi, ya tarar da ƙabilun Chewa da Tumbuka suna abota a Zambiya suna gaba a Malawi, saboda lissafin siyasar kowace ƙasa daban ne. Tun kafin su duka, Anthony Asiwaju ya yi wa Yarbawan da aka raba tsakanin Najeriya da Dahomey irin wannan nazari a 1976. Hujjojin sun taru a kan abu ɗaya: ƙabila tana nan, amma nauyinta a zuciyar mutum yana hawa yana sauka bisa ga abin da zamansa a cikin wata ƙasa ke jawo masa.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a saurara. Ta farko: an yi tambayoyin ne a zamanin soja, kuma mai tambayar Bature ne da ya zo da takardar izinin hukuma. Wane talakan Yekuwa ne a zamanin Kountché zai ce wa baƙo ya fi son Bahaushen Najeriya a kan Bazabarmen Yamai, alhali ya san yadda aka yi da waɗanda aka zarga da alaƙa da Sawaba bayan mayaƙanta sun kutso ta iyakar kudu a 1964? Wannan suka tana da tushe, kuma duk wanda ya san yadda ake amsa wa baƙo a ƙauye ba zai raina ta ba. Amma ba ta rushe hujjar ba, saboda dalilai biyu. An samu irin wannan amsa a 'Yardaje, inda tsoron hukuma bai kai haka ba, inda mutane ke faɗin abin da ke bakinsu game da shugabanni. Sannan ko da tsoro ne ya sa mutumin Yekuwa ya auna kalamansa, wannan tsoron da kansa bambanci ne da iyaka ta haifar. Mutum biyu 'yan kaka ɗaya, ɗaya yana waiwaye kafin ya yi maganar siyasa ɗaya ba ya yi, ai an riga an raba su a wuri mai zurfi.

Suka ta biyu daga masana tarihi take fitowa. Sun ce layin bai faɗo daga sama ba. Camille Lefebvre, a littafinta na 2015 kan iyakokin Nijar, ta nuna cewa masu ja-in-ja a Landan da Paris sun dogara da labarin da matafiya da 'yan ƙasa suka ba su game da iyakokin da jihadi ya bari, tsakanin daular Usmaniyya da waɗanda suka ƙi ta, wato Gobir da Maraɗi da Damagaram. Idan haka ne, bambancin addini da na kulle da ake gani yau yana iya zama gadon jihadi, ba na Bature ba. Wannan gaskiya ne a Maraɗi da Katsina, inda daji da yaƙi suka raba ɓangarorin tun ƙarni na goma sha tara. Amma nan ne zaɓen Yekuwa da 'Yardaje ya nuna hikimarsa, domin su biyun a gefe ɗaya na wancan tsohon layi suke, a gefen gidan Daura mai gudun hijira. 'Yardaje ba ta zama mai kallon Kano da Sakkwato ba sai bayan an sa ta cikin lardin da ke kallonsu, aka haɗa ta da kotunansu, da makarantun malamansu, da rediyon Kaduna, daga baya da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, da shari'ar da jihar Katsina ta ƙaddamar a 2000. Wa'azin yana tsallaka iyaka a kaset da bakin almajirai, amma dokar ba ta tsallakawa, domin Nijar ta gaji tsarin raba addini da hukuma.

Suka ta uku ita ce ta Yusufu Bala Usman da makarantar tarihi ta Zariya, duk da ba a kan wannan littafi aka fara yin ta ba: cewa kallon tarihin ƙasar nan da tabarau na ƙabila, Haɓe da Fulani, ko “Hausawa” a matsayin dunƙule ɗaya, kuskure ne, domin mutane sun san kansu ne da garuruwansu da sarautunsu da sana'o'insu, Katsinawa da Daurawa da Damagarawa. Bisa wannan, sunan littafin ma yana ɗauke da zato, kamar akwai wata ƙasar Hausa guda da aka tsaga. Ƙasar Dungas ta isa misali: asalin sarautar Sosebaki Barno take kallo, kuma a yankin akwai Fulani da Bugaje da Barebarin da suka zama Hausawa a harshe. Wannan suka ta fi sauran kama jiki, amma inda ta nufa shi ne inda hujjar ta nufa. Idan zama Bahaushe tun asali abu ne da ake shiga ta hanyar zama da harshe da kasuwa da bin sarki, ba jini ba, to babu mamaki zama ɗan Nijar ya samu shiga ta irin waɗannan ƙofofi. Abin da ya rage a kan Miles shi ne ƙarancin samfuri. Gari biyu ba su isa su wakilci iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500 ba, ko ma gundumar Magarya da ƙidayar 2012 ta ba mutum sama da dubu 570, da Dungas, wadda aka cire daga cikinta a 2011, mai sama da dubu 350. Gyaran wannan ba watsi da aikin ba ne, maimaita shi ne a Dogo-Dogo da Malawa da Sasumburum, kuma jami'ar Damagaram mai sunan André Salifou da jami'o'in Katsina da Dutse suna da ɗaliban da ba sa bukatar tafinta ko doki kafin su yi shi.

Shekarun da suka biyo bayan littafin sun ci gaba da kawo shaidu, yawancinsu masu ɗaci. Lokacin da gwamnatin Janar Buhari, ɗan Daura, ta canza kuɗi ta rufe iyaka a Afrilun 1984, rufewar ta haɗu da fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Karyewar darajar naira daga 1986 da rage darajar sefa da rabi a Janairun 1994 kowanne ya juya akalar kasuwannin Maigatari ta ranar Alhamis da Mai'aduwa ta ranar Lahadi cikin 'yan makonni. A 2003 da 2004 wasu jihohin arewacin Najeriya sun dakatar da rigakafin shan-inna, Nijar ba ta dakatar ba, amma cutar ta tsallaka. Bayan yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta kafa aiki a Magarya, a 2006 kuma gwamnatin Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ko da yake biyan asibitoci kuɗin ya riƙa makara. Uwa a bakin iyaka ta koyi lissafin inda za ta kai ɗanta, kamar yadda kakanta ya koyi lissafin inda zai kai gyaɗarsa. Har itatuwa sun shiga cikin labarin: yawan gawon da ya sake rufe gonakin Magarya da Matamaye da Mirya tun daga shekarun 1980, wanda masu bincike suka ƙiyasta ya kai kimanin hekta miliyan ɗaya, ya zo ne lokacin da manomi ya fara jin cewa itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba.

A wata maƙala ta 2005 Miles ya ba da rahoton abin da ya fi ba masu kiran a goge iyakokin mulkin mallaka mamaki: mazauna bakin layin ba rushe shi suke nema ba, abin da ke damunsu shi ne ci gaba, wato hanya da ruwa da asibiti da makaranta, da kuma a bar su su wuce ba tare da an tatse su ba. Abin da ya faru daga baya ya nuna dalilin. Rufewar Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da cire tallafin mai a Najeriya a Mayun 2023, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, duk an yanke su ne a Abuja da Yamai saboda shinkafa da kasafin kuɗi da rikicin ECOWAS, amma mai sayar da mai a kwalba a Magarya da dillalin shanu a Dungas ne suka fara jin su a tukunyarsu. Sarakuna da malaman ɓangarorin biyu sun yi amfani da zumunci wajen hana yaƙi a 2023, kuma sun kyauta. Zumuncin ya isa ya hana harbi, amma bai isa ya buɗe hanya ko ya maido da wutar lantarkin da aka yanke ba. Waɗannan sai da hukumomi suka sa hannu a 2024. Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai bi ta Daura, tafiya kaɗan daga 'Yardaje, sannan ya karkata yamma zuwa Katsina da Jibiya, ya bar Magarya da Dungas da tsohuwar hanyarsu ta Tinkim da shingayen da ke kanta.